Yadda za ka shirya a riƙa kawo maka cefane har ƙofar gida idan ciwo ya sa ka killace kanka

Idan likita ya umarci mutum da ya zauna a ɗaki kada ya cuɗanya da jama'a, ko saboda tarin fuka a makonnin farko na shan magani, ko ƙyanda, ko ƙarambau, ko ƙyandar biri, ko ciwon numfashi irin korona da ta shigo Kamaru a watan Maris na 2020, abin da ke fara tsaya wa gida a rai bayan magani shi ne wanda zai fita ya sayo abinci. Matsalar ta fi tsanani ga wanda yake zaune shi kaɗai, kamar ɗalibi a Dang kusa da jami'ar Ngaundere, ko ma'aikacin da aka turo Garwa ya bar iyalinsa a wani gari, ko matar da mijinta yake kan hanya da babbar mota ita kuma ga yara ƙanana. Irin waɗannan mutane su ne ake ce wa su yi oda ta intanet kawai, alhali mai ba da shawarar bai tsaya ya duba ko abin yana aiki a garuruwanmu ba.

Gaskiyar magana ita ce, manyan kantunan da ke da shafi na sayayya da motocin kai kaya sun taru ne a kudu, a Duwala da Yawunde, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga Garwa, kuma kamfanin Jumia da mutane da yawa suka fara sanin sayayyar intanet ta hanyarsa ya dakatar da harkokinsa a Kamaru tun watan Nuwamban 2019. Abin da muke da shi a Garwa da Marwa da Ngaundere da Kuseri shi ne mai kanti da ke da lambar WhatsApp, da mata masu tallar kayan miya ko dafaffen abinci a Facebook, da mai babur da zai ɗauko kayan, da kuɗin waya na Orange Money ko MTN Mobile Money. A tsallaken kogi, a Njamena, tsarin kusan ɗaya ne, sai dai Airtel Money da Moov Money ne suke aiki a can. Saboda haka amincin kawo kaya a wurinmu ba ya rataya a kan wata manhaja, yana rataye ne a wuyan mutane biyu ko uku da za ka zaɓa, kuma duk matakan da ke tafe suna magana ne a kan yadda za ka zaɓe su da yadda za ka yi mu'amala da su.

Mataki na farko shi ne ka san tsawon zaman da za ka yi, domin shi ne zai nuna maka yawan abin da kake bukata. Ka tambayi likita ko ma'aikacin asibiti kai tsaye, kada ka yi kirdado. Mai ƙyanda yana iya yaɗa ta har kwana 4 bayan fitowar ƙuraje, mai ƙarambau sai ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, mai tarin fuka kuwa hatsarin yaɗawarsa yana raguwa ƙwarai bayan kamar mako 2 da fara shan magani yadda ya kamata, ko da yake maganin kansa na wata 6 ne. Da zarar ka san adadin kwanakin, sai ka shiga ɗakin girki ko ka sa wani ya duba maka abin da ya rage na hatsi, da mai, da sukari, da gishiri, da sabulu, da gawayi ko gas, da ruwan sha.

Daga nan sai ka raba bukatunka gida biyu, kuma wannan rabon shi ne ginshiƙin shirin gaba ɗaya. Kashi na farko kayan da ba sa lalacewa ne: shinkafa, garin masara ko na dawa, gero na kunu, taliya, wake, man girki irin Diamaor ko man gyaɗa, albasa, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, busasshen kifi, madarar gari, ganyen shayi, sardin na gwangwani, dabino, ashana. Waɗannan a kawo su sau ɗaya, a odar farko, da yawan da zai kai ka ƙarshen killacewar har da rarar kwana 3. Kashi na biyu shi ne nama, da ɗanyen kifi, da tumatir, da ganye, da burodi, da kindirmo, da 'ya'yan itace, waɗanda za a riƙa kawowa kaɗan-kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku. Dalilin wannan rabo a fili yake: ranar da mai babur bai zo ba, ko ruwan sama ya tsare hanya, ko layin waya ya ɗauke, ba za ka kwana da yunwa ba, abin da za ka rasa bai wuce ɗanɗanon miya ba. Wanda ya dogara da kawo abincin kowace rana a ranar, to, ya ɗora lafiyarsa a kan cajin wayar wani mutum da man da ke cikin tankinsa, kuma marar lafiya mai shan magani mai ƙarfi bai kamata ya shiga wannan kasadar ba.

Ruwan sha ya cancanci kulawa ta daban. Idan famfon gidanku yana yawan ɗaukewa, ka yi magana da mai ruwan unguwa ya riƙa juye jarka a randa ko bokitin da aka ajiye a waje, ba tare da ya shigo ciki ba, sannan a tafasa wanda za a sha. Idan da hali, a haɗa da katan ɗaya na ruwan gora a odar farko. A sa kuma ƙunshin gishiri da sukari na asibiti da ake ba mai gudawa, wanda ake narkawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan bai samu ba, ana haɗa shi a gida da ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri a cikin lita ɗaya, kuma kada a cika cokalin ya yi tozo.

Mataki na gaba, wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne zaɓen wanda za ka saya a wurinsa. Ka fara da mai kantin da ya san fuskarka, wanda ka saba sayayya a wurinsa a Yalwa ko Rumde Ajiya ko Domayo ko Balaji, ko da kayansa ba su kai na babban kanti yawa ba. Mutumin da zai ci gaba da ganinka a masallaci bayan ka warke ba zai aiko maka da garin da ya yi ƙwari ba. Idan dole ta sa sai ka nemi wanda ba ka sani ba, daga wani shafi na Facebook ko wani rukuni na WhatsApp, to, ka tabbatar da abubuwa uku kafin ka tura ko dala: yana da shago na gaske da za a iya kwatanta inda yake, akwai wani wanda ka sani da ya taɓa saye a wurinsa aka kawo masa, kuma yana ɗaukar kira da murya, ba saƙo kaɗai ba. Kyawawan hotunan kaya ba shaida ba ne, domin kowa yana iya kwaso su daga intanet. Yawan yabo a ƙarƙashin talla shi ma ba shaida ba ne idan masu yabon ba mutanen garinku ba ne.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, saboda haka odarka ta farko ga baƙon mai kanti ta zama ƙarama, kayan da ba su wuce sefa 3,000 ba, kuma ka lura da abubuwan da za su faru. Shin ya gaya maka jimillar kuɗi kafin ya ɗaure kayan? Shin lokacin da ya ambata ya yi kusa da lokacin da kayan suka iso? Shin abin da ka ce shi aka kawo, da girmansa da nau'insa? Idan wani abu ya ƙare a shagon, ya kira ka ko kuwa ya musanya da son ransa? A ganina wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ma'aunin gaskiya, domin jinkiri yana iya zama laifin hanya, amma musanya kaya ba tare da tambaya ba hali ne, kuma zai sake.

Mai babur kuma a neme shi da irin wannan natsuwar. Ya fi kyau ka sami mutum ɗaya ɗan unguwarku, wanda aka san gidansu da inda yake tsayawa, ku yi yarjejeniya a kan kuɗin kowane zuwa tun kafin a fara, sannan ka karɓi lambar wani na biyu daga hannunsa ko daga hannun maƙwabci. Ka gaya masa gaskiya cewa akwai marar lafiya a gidan kuma ciwon yana yaɗuwa, don haka ba zai shigo ba kuma ba za a yi musabaha ba. Na san mutane suna jin nauyin faɗin haka, musamman idan tarin fuka ne, saboda tsoron tsangwama, amma ba dole ba ne ka ambaci sunan ciwon. Abin da yake haƙƙinsa shi ne ya san ya kamata ya tsaya nesa. Shi ma yana da iyali da zai koma wa da yamma, kuma addini ya riga ya yi umarni da kada a haɗa marar lafiya da mai lafiya a irin wannan hali.

Yanzu sai rubuta odar kanta, kuma a nan ne yawancin saɓani yake samo asali. Kada ka rubuta "shinkafa da mai da madara" ka tsaya. Ka faɗi nau'i, da girma, da adadi: shinkafa kilo 5, mai lita 1, madarar gari ta gwangwani mai giram 400, sukari kilo 1, sabulun wanki guda 3. Kayan da ake aunawa da kwano ko ake kasawa, kamar gero da tumatir da attarugu, gara ka faɗi na nawa kake so, domin kwanon wata kasuwa ba shi ne na wata ba. Da yake masu kanti da yawa a nan sun fi karanta Faransanci ko Larabci a kan Hausar boko, wasu kuma Fulatanci ne harshen cinikinsu, ka haɗa rubutun da saƙon murya, kuma idan kana da tsohon gwangwani ko ledar abin da kake so, ka ɗauki hotonsa ka tura. Saƙon yana iya zama kamar haka: "Assalamu alaikum Alhaji, barkanku da kasuwa. Ba ni da lafiya, likita ya hana ni fita, ga jerin abin da nake bukata. Don Allah ku lissafa mini kuɗin kafin a ɗaure, kuma idan akwai abin da babu, ku kira ni tukuna kada a canza da wani. Yaro zai zo da babur ya karɓa da ƙarfe tara." Ka roƙe shi ya ɗauki hoton kayan a jere kafin a zuba su a buhu, domin wannan hoton shi ne rasiɗinka.

Lokacin da ake yin oda yana da tasiri a kan amincinta fiye da yadda ake zato. Ka tura jerin kayan da daddare ko bayan sallar asuba, a kawo su kafin rana ta take, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi yake haura digiri 40 a Garwa da Marwa. Nama da kifi a sayo su da safe, lokacin da suke sababbi, kuma a ce wa mai babur gidanka ne zangonsa na farko, kada ya ɗauki fasinja da su a rataye. Ranar Juma'a a gama komai kafin hantsi ya yi nisa, domin shaguna da yawa suna rufewa don salla. A watan Agusta, idan hadari ya haɗu, ka ɗauka cewa wasu hanyoyin unguwa ba za su biyu ba sai ruwa ya janye. A wasu garuruwan Arewa Mai Nisa kuma hukuma takan taƙaita zirga-zirgar babura da dare saboda tsaro, don haka kada ka bar bukatar dare sai dare ya yi.

Kwatancen gida ya zama cikakke tun a saƙon farko, tunda yawancin titunanmu ba su da suna ko lamba da mai babur zai bi. Ka ambaci unguwa, da masallaci ko makaranta ko famfon da ke kusa, da layi na nawa, da launin ƙofa, da bishiyar da ke gabanta idan akwai. Tura alamar wuri ta WhatsApp yana taimakawa idan wayarsa babba ce kuma ya iya bin taswira, amma kada ka dogara da ita ita kaɗai.

Batun biyan kuɗi yana bukatar taka-tsantsan, domin marar lafiya da zazzaɓi ya galabaitar shi ne ya fi sauƙin yaudara. Biya ta waya ya fi dacewa da mai killace kansa, tunda babu miƙa kuɗi hannu da hannu kuma babu rigimar canji, wanda kowa ya san ƙarancinsa a kasuwanninmu. Lambobin #150# na Orange da *126# na MTN suna aiki ko babu intanet, ko a ƙaramar waya. Kafin ka danna lambar sirri, ka karanta sunan da ya fito, ka tabbatar shi ne na mai kantin ko wanda ya ambata maka. Ga wanda ba ka sani ba, kada ka biya duka kafin kaya su iso. Ka nemi a biya bayan an kawo, ko ka ba da rabi. Kuɗin mai babur a biya shi daban bayan ya sauke kaya. Ka kuma yi magana a kan wanda zai ɗauki kuɗin cirewa, domin ban da cajin kamfani akwai harajin kashi 0.2 cikin ɗari da gwamnati ta ɗora a kan turawa da cirewa tun watan Janairun 2022, kuma rashin faɗin wannan tun farko yakan jawo ƙorafi marar amfani. Duk wanda ya kira ka yana cewa ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ko yana neman lambarka ta sirri da sunan tabbatar da oda, ka kashe wayar ka duba asusunka da kanka.

Idan kaya sun iso, a karɓe su ba tare da haɗuwa ba. A ajiye benci ko babban baho a bakin zaure, mai babur ya sauke a kai ya ja da baya, sannan mai karɓa ya fito da takunkumi a fuska, da tazarar da ba ta gaza mita 1 ba, in ta fi haka ma ya fi. Idan akwai mai lafiya a gidan, shi ya kamata ya fito. A duba kayan mai babur yana tsaye, a gwada su da hoton da mai kanti ya turo. Gwangwanin da ya kumbura ko yake yoyo a mayar da shi nan take. A karanta ranar ƙarewar aiki a jikin madara da sardin da ruwan lemo, kuma a tuna cewa a rubutun Faransanci rana ce take fara zuwa, sai wata, sai shekara. Kifin ƙanƙara ko kaza da suka iso a saki, da ruwa ko jini kwance a leda, sun narke a hanya ko a shago lokacin ɗaukewar wuta, kuma idan warinsu ya canza kada a karɓa. Idan bai canza ba, a dafa su a take, kada a sake mayar da su firji don su daskare. Da yake wutar arewa ta dogara sosai da madatsar Lagdo kuma takan yi ƙaranci a rani, ba na ba kowa shawarar ya tara nama na mako guda a firji.

Bayan an shigo da kayan, a wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, a wanke ganye da 'ya'yan itace da ruwa mai tsabta, a tafasa ɗanyar madarar shanu kafin a sha. Babu bukatar fesa wa burodi ko tumatir ruwan jabel, wato bilicin wanki, hasali ma cutarwa ne. Dafaffen abincin da aka kawo kada ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. A ci shi da zafinsa, ko a sake ɗumama shi har ya yi tururi sosai.

'Yan'uwa da maƙwabta za su so zuwa dubiya, kuma hana su yana da nauyi a al'adarmu. Maimakon a ce musu kada su zo kawai, a ba su aikin da zai maye gurbin zaman: wannan ya kawo kunu da safe ya ajiye a ƙofa, wancan ya karɓo magani, addu'a kuma a yi ta ta waya. Kwanukan da aka kawo abinci a ciki a wanke su da sabulu da ruwan zafi kafin a mayar. Shi magani a sayo shi a kantin magani mai rajista, da hoton takardar likita, ba a teburin bakin hanya ba, kuma idan yaro ne yake da ƙarambau kada a ba shi asfirin.

Duk da wannan shiri, wata rana kaya ba za su zo ba, kuma ya kamata ka san abin da za ka yi tun kafin ranar. Idan awa ɗaya ta wuce a kan lokacin da aka yi alkawari, ka kira mai babur, sannan mai kanti. Idan babu amsa, kada ka zauna kana jira har magariba. Ka kira mai babur na biyu, ka buɗe ajiyarka ta kwana 3, ka ci abinci ka sha maganinka a kan lokaci. Idan kayan sun zo da tawaya ko da ɓaci, ka ɗauki hoto nan take ka tura da magana mai taushi, ka nemi a cire kuɗin daga oda ta gaba, domin wannan ya fi sauƙin samuwa a kan mayar da kuɗi. Kuskure ɗaya da aka amsa aka gyara ba dalilin rabuwa ba ne, amma wanda ya musanta abin da hoto ya nuna, ko ya kashe waya bayan ya karɓi kuɗi, ka sauya shi a ranar. Wayarka kuma ta kasance da caji da kati a kowane lokaci, kuma ka rubuta muhimman lambobi a takarda ka liƙa a bango saboda ranar da za ta mutu.

Akwai kuma lokacin da killacewa a gida take ƙarewa ko da kwanakin ba su cika ba. Idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji yana ciwo, ko marar lafiya ya rikice ko ya kasa shan ruwa, ko gudawa ta zama kamar ruwan shinkafa, alamar kwalara wadda take iya kisa cikin awoyi kaɗan, to, ba cefane ake jira ba, asibiti za a tafi nan take, da takunkumi a fuska idan ciwon na numfashi ne, ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya idan gudawa ce. Zazzaɓin da ya ƙi sauka shi ma a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, kada a ɗauka duk na ciwon farko ne. Saboda haka, a ranar da kake shirya lambar mai kanti da ta mai babur, ka haɗa da lambar wani mai mota a unguwa da ta ma'aikacin asibitin da ya duba ka, ka kuma bar wa maƙwabci ɗaya amintacce mabuɗin ƙofar waje, da sharaɗin ya kira ka safe da yamma, kuma ya shigo da takunkuminsa idan ya kira sau biyu ba ka ɗauka ba.